Wuƙa Mai Ɗigo Uku

Kai da ka buɗe littafin nan, ko ke, ba naka ba ne. In ɗana ne ko 'yata, ku rufe, ku mayar ƙarƙashin zannuwan da kuka ɗaga, ku kuma ji kunya. In baƙo ne, ka sani ban rubuta don a tausaya mini ba. Wannan gargaɗin daga baya na ƙara shi a bangon ciki. In ka ƙi ji ka karanta, to ka kai ƙarshe kafin ka yanke hukunci. Ni a tsakiya na yanke nawa.

Asabar, 2 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau muka yi zaman kwamitin unguwa karo na uku, a barandar ƙaramin asibiti. An kafa shi ne watan jiya, bayan an sari ɗan mai wanki a bayan filin ƙwallo. Akwai Sista mai kula da asibitin, da Mai Walda, da Mai Aski, da shugabar makarantar 'yan mata, da wata 'yar sanda da ba ta cika magana ba, sai mu iyaye mata huɗu. Ni ce sakatariya, don na gama sakandare kuma rubutuna yana karantuwa.

Sista ta zana taswirar unguwa a kan babban kwali. Duk wanda ya je asibiti da rauni, ba ta sa sunansa a kwalin. Tambayarsa take inda abin ya same shi, ta soka fil a wurin. Ja na sara ne ko duka. Rawaya na faɗuwa. Inda fil ya taru, nan za a gyara. Wannan na yarda da shi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne akwati. Mai Walda zai haɗa akwatin ƙarfe mai ƙaramin baki, a kafa a jikin katangar asibiti. Duk mai yawo da wuƙa ya jefa ciki, ba suna, ba tambaya. In an buɗe, zai narka su ya yi makari a bakin kwalbatin da yara ke faɗawa.

Na miƙe na ce ba haka ake tarbiyya ba. Duk wuƙar da aka samu a san gidan da ta fito, a kira uwar, ta zo ta yi bayani a gaban mutane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro ba ya fita da makami sai uwarsa ta yi sakaci.

Mai Aski ya ce, “Alƙaliya ta zauna, kowa ya gyara hularsa.” Aka yi dariya.

Sista ba ta yi ba. Ta ce, “Maman Dogo, in aka ce sai da suna, akwatin nan gizo-gizo ne zai yi saƙa a ciki.”

Aka ɗaga hannu. Ni kaɗai ce a ɓangarena. Na rubuta abin da aka yanke da hannuna, na ja layi a ƙasa. Su yi. Ba daga gidana ba dai.

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Auta ta dawo daga darasin yamma da gwiwa a kurje, siket ya yage. Wai faɗuwa ta yi. Yarinya mai shekara sha shida, ajin ƙarshe, tana gudu a titi kamar an koro akuya. Na ba ta zare da allura. Ta ce ta biya asibiti an shafa mata magani. Na ce da ta kalli gabanta da ba ta ɓata wa Sista auduga ba.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ƙaramar wuƙata ta yankan albasa ba ta cikin kwando.

Kowa a layin nan ya san alamata. Tun da na gaji da masu aro ba mayarwa, na ɗauki ragowar koren fentin ƙofa na ɗiga wa kowane abu na kicin ɗigo uku: cokula, ludayi, murfin tukunya, ƙotar wuƙa. Na leƙa ta katanga na tambayi maƙwabciyata, Maman 'Yan Biyu.

Ta ce, “Ni? Wallahi ko gishirinki ne sai na duba ko kin ɗiga masa fenti. Duba ƙarƙashin murhu, Alƙaliya.”

Na duba. Babu.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Dokar gidan nan shida da kwata. Ana tashi darasi ƙarfe shida, in ta bi ta lungun katako minti goma ne. Yau sai shida da minti talatin da biyar. Wai ta babban titi ta zago. Na tambaye ta wa take son gani a babban titi. Ta sunkuyar da kai. Na ce gobe in ta ƙara minti ɗaya a kan shida da kwata za ta gane ni na haife ta.

Dogo yana tsakar gida yana wanke baƙin man gareji daga hannunsa. Ya ce, “Umma, ki bar ta ta bi titi mana.” Na ce ranar da ya haifi nasa ya kafa tasa dokar.

Shekararsa ashirin. Kwana biyun nan fuskarsa ba ta yi mini ba. Na bincika ɗakinsa da ya fita. Na ɗaga katifa ina neman wuƙata. Babu.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Auta ta ce tana so ta bar darasin yamma, za ta yi karatu a gida. Saura wata biyu jarrabawa. Na ce lalaci ba zai kwana a gidana ba. Dogo ya ce to shi zai riƙa tashi da wuri daga gareji ya je ya taho da ita. Na gane wayonsa. Hanyar yawo yake nema, da ƙanwarsa a matsayin lasisi. Na ce a'a.

Ba ta taɓa abin karin kumallo ba. Duk da haka Auta ce ba ta ba ni ciwon kai. Shiru-shiru, kamar ba ta gidan.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma



Wajen shida da kwata na ji ihu daga can ƙasan layi, mutane suna gudu. Kafin in sa takalmi sai ga su sun faɗo gidan tare, Dogo yana riƙe da hannun Auta, suna haki. Ya tura ƙofa ya sa sakata da kansa. Shi da sai na yi magana sau uku yake rufe ƙofa.

Akwai jini a hannun rigarsa.

Na ce, “Na wane ne?”

Ya ce, “Na gareji ne, Umma. Ƙarfe ya yanki wani.”

Na ce, “Me ya kai ka ƙasan layi, bayan na hana?”

Ya kau da kai. Auta ta wuce bayan gida. Can na ji ƙarar ruwa. Jakar makarantarta take wankewa, da rigarta, ranar Laraba, alhali Asabar muke wanki. Na yi mata faɗan sabulu.

Na kulle ƙofa. Na sake dubawa.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe shida na safe

Ban runtsa ba. Na hana Dogo fita. Na aika wa maigidansa na gareji cewa zazzaɓi yake yi. Ƙaryata ta farko ke nan a wannan watan.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Maman 'Yan Biyu ta ce wani mutum ya je asibiti jiya da tafin hannu a tsage, ɗinki bakwai. Ba ɗan unguwa ba ne, cikin masu sauke katako yake. Ya ce kwano ne ya yanke shi. Tana faɗa tana kallona. Na ce Allah ya sauwaƙe, na shige ciki.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mutumin yana bakin layinmu. Hannu naɗe da farin bandeji, da wasu biyu. Ba sa komai. Tsaye kawai suke a jikin turken lantarki suna kallon gidaje.

Na kulle ƙofa. Na sake dubawa.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Zaman kwamiti. Akwai sabon jan fil a lungun katako. Sista ta ce mai raunin ya ce kwano ne, amma ta shekara goma sha biyar tana ɗinki, ta san bakin kwano ta san bakin da ba na kwano ba. 'Yar sanda ta rubuta wani abu a ɗan littafinta.

Mai Aski ya ce, “Yau Alƙaliya ba ta yi mana wa'azi ba. Lafiya dai?”

Na ce maƙogwarona ne.

Ina rubuta bayanin zama, biro ya tsaya a kan kalmar “lungu” har tawada ta huda takarda.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe goma na safe

Babansu ya kira daga hanya. Motarsu ta lalace, sai ƙarshen wata. Ya ce yaya yara. Na ce lafiya lau. Ƙarya ta uku ke nan.

Na shiga ɗakin Dogo na rufe ƙofa. Na ce ya dubi girman Allah ya gaya mini inda wuƙata take. Ya ce bai ɗauka ba. Na ce ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa, ni da nake tsayawa gaban jama'a ina faɗin tarbiyya, ya rasa wadda zai kunyata sai ni. Na faɗi maganganu da yawa. Wasu ba zan rubuta ba.

Ya bari na gama. Sai ya ce, “To Umma, ni ne. Shi ke nan? Hankalinki ya kwanta?”

Ya faɗe ta kamar mai miƙa canji. Ban san me ya sa amsar ta fi shirun tsoratar da ni ba.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe tara na safe

An kafa akwatin yau. Ina jin ƙarar guduma daga nan.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Auta ba ta je darasi ba tun ranar. Ta ce kanta ke ciwo. Na ƙyale ta, don ba ni da ƙarfin faɗa biyu. Makaranta kawai take zuwa, ta babban titi, ta gaban asibiti. Abinci sai ta juya cokali ta tashi. Na ce damuwar yayanta ce. Yarinyar kirki.

Mai bandejin ya dawo. Yau shi kaɗai. Ya tambayi masu sayar da ruwa gidan da ke da koren ƙofa. Maman 'Yan Biyu ce ta ji, ta ce masa duk ƙofofin layin nan kore ne in ka sha abin da ka sha.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe biyar na asuba

In suka kama shi a hanya? In suka zo gareji? In aka zo da mota aka tafi da shi a gaban layi?

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na kulle ƙofa. Na sake dubawa. Na jingina turmi.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An buɗe akwati.

Mai Walda ya shimfiɗa buhu a barandar asibiti ya juye. Ban zaci za a samu ko biyar ba. Goma sha tara. Akwai masu tsatsa, akwai wadda aka wasa daga guntun ƙarfen mota, akwai almakashi da aka raba biyu. Aikina in ƙirga in rubuta adadi. Yana ɗagawa ɗaya-ɗaya, ina cewa ɗaya, biyu.

Ta goma sha ɗaya ƙarama ce, mai ƙotar icce. Ɗigo uku.

Kowa a barandar nan ya taɓa cin abinci da cokalina a wani taron. Maman 'Yan Biyu tana gefena. Shugabar makaranta tana gabana. Mai Aski, da bakinsa ba ya ajiye magana, yana tsugune kusa da buhun. Na jira. Ni na ce a kira uwar ta yi bayani a gaban mutane. Ga uwar, ga mutane.

Mai Walda ya rufe ƙotar da babban yatsansa. Ya ce, “Sakatariya, nawa muke?”

Na ce, “Sha ɗaya.”

Ya ce, “Masu ƙotar icce sai an fasa su tukuna, icce ba ya narkewa.” Ya ɗora ta a kan dutse, ya buga guduma sau biyu, ya share guntayen da ƙafa zuwa cikin kwata. Ya ɗauki ta gaba.

Mai Aski ya dubi sama ya ce, “Kai, yau za a yi ruwa kuwa.” Babu gajimare ko ɗaya.

Na rubuta goma sha tara. Na ja layi.

Lahadi, 24 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ina shara sai lissafi ya tsaya mini a wuya.

An kafa akwati ranar Litinin, sha takwas. Dogo bai taka waje ba tun sha huɗu. Makulli yana ɗaure a bakin zanena, da shi nake kwana.

Mutum ɗaya ne daga gidan nan yake wucewa ta gaban asibiti.

A'a.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Auta tana barci. Na ɗauki jakar makarantarta daga ƙusa. A ƙasan aljihun ciki akwai tsaga, tsawon ɗan yatsa, irin wadda tsini ke yi in ya daɗe yana gogar wuri ɗaya. A bangon littafin lissafi akwai gogen koren fenti.

Na mayar da jakar. Na zauna a kan turmi har ƙafata ta yi sanyi.

Ana zaton wuta a maƙera.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na je asibiti kamar mai neman maganin ciwon kai. Sista ta sallami mai jego, ta ja labule. Kwalin yana jingine a bango.

Na ce, “Sista, wa ya jefa?”

Ta ce, “Ba suna, ba tambaya. Ke kika rubuta da hannunki.”

Na ce, “Ni uwa ce.”

Ta ce, “Na sani. Zo ki ga wani abu.” Ta nuna lungun katako. Ban da jan fil ɗin, akwai rawaya guda biyar a jere. Na sha ganinsu, ban taɓa kula ba. Ta ce, “Rawaya na mene ne?”

Na ce, “Faɗuwa.”

Ta ce, “Akwai kwata a lungun nan? Akwai rami? Akwai dutse?”

Babu. Shekara ashirin ina bin lungun. Ƙasa ce shimfiɗe kamar tabarma.

Ta ce, “Biyar cikin wata biyu, duk 'yan mata, duk tsakanin shida da shida da rabi. Gwiwa, gwiwar hannu, ɗaya da targaɗe a wuyan hannu. Mutum ba ya faɗuwa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai in gudu yake. Ni ma na makara ban haɗa ba, sai da jan nan ya zo. Laifina ne wannan.”

Na tuna zare da allura.

Ta ce ranar Laraba 'yar sanda za ta zo nan asibiti, ba ofishinsu ba, ba kaki. Yaran da suka yarda za su yi magana ɗaya bayan ɗaya, kowace da babbar mace ɗaya da ta zaɓa ta zauna kusa da ita. Uku sun yarda.

Na ce, “Ƙarfe nawa zan zo?”

Sista ta daɗe tana gyara fil ɗin da bai karkace ba. Ta ce, “Maman Dogo, kowace yarinya ita ke zaɓa.”

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Maman 'Yan Biyu Auta ta zaɓa, ba ni ba.

Talata, 26 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na shiga gidan Maman 'Yan Biyu ba sallama. Tana kan keken ɗinki. Na ce tun yaushe ta sani. Ta ce tun daren Larabar, ta katanga, lokacin ina duba sakata. Na ce wane irin zama ne wannan, a san abin 'yata a ɓoye mini.

Ta tsayar da keken. Ta ce, “Zauna, Yaya.” Ba ta taɓa ce mini Yaya ba.

“Na ce mata ta gaya miki. Na roƙe ta. Kin san me ta ce? Ta ce, ‘Umma za ta ce me ya kai ni lungun.’”

Na ce, “Ai ni…”

Ta ce, “Eh. Ke.”

Shida da kwata. Minti goma ta lungu, rabin awa ta titi. Ta gwada titi, na yi mata faɗa. Ta nemi barin darasi, na ce lalaci. Yayanta ya nemi raka ta, na ce yawo. Ya bi ta a ɓoye duk da haka, ranar ya makara da minti biyu. Da ta rasa kowace ƙofa sai ta shiga kicin ɗina.

Na tambayi Maman 'Yan Biyu abin da mutumin ya yi. Ta ce ba bakinta ne zai faɗa ba. Ta ce in gode wa Allah a kan minti biyun, da bai zama goma ba.

Laifi tudu ne. Na shekara ina hango na mutane daga kan nawa.

Laraba, 27 ga wata, ƙarfe goma na safe

Sun tafi asibiti. Na tsaya a bakin ƙofa. Auta ta sa hannunta cikin na Maman 'Yan Biyu. Ba ta waiwayo ba.

Mai bandejin yana bakin turken lantarki. Ya gan su. Ya ɗaga ƙafa.

Ban san lokacin da na fita ba, ba mayafi a kaina sosai, ludayi a hannu. Amma an riga ni. Mai Walda ya fito da teburin aikinsa tun safe ya kafa a bakin layi, wai shagonsa ya yi zafi. Mai Aski ya jawo kujerarsa waje yana yi wa wani tsoho aski a tsakiyar hanya. Matan layi uku suna tsintar wake a kan benci, waken da na san an tsince tun jiya. Ba wanda ya ɗaga murya. Mai Walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, “Malam, wa kake nema? Faɗa mana mu taya ka.”

Ya dube su. Ya dube ni. Ya juya.

Mai Aski ya ce, “Alƙaliya, mayar da ludayin, kar a ce mu sa shi a akwati.”

Na so in yi dariya sai kuka ya zo. A gaban mutane.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Na kwance makulli daga bakin zanena na ba Dogo. Na ce ya koma aiki gobe. Na tsaya ina neman sauran maganar.

Ya ce, “Bari, Umma. Na ji.”

Na ce bai ji ba, don ban faɗa ba. Na faɗa. Na ce ya yafe mini. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin, ya ce, “Ita ce ta sa na rantse. Da kin ci gaba da zargina har shekara, da na ɗauka.”

Juma'a, 29 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

'Yar sanda ta ce maganar tana hannunsu, an kira mai bandejin, an kira mai rumfar katakon. Ba ta ce an gama ba. Ba a ga kowa a bakin turke ba jiya da yau. Har yanzu in babur ya tsaya a ƙofa sai na tashi na leƙa.

Shugabar makaranta ta sa an dawo da tashin darasi biyar da rabi. An raba mu, mata biyu kowace rana, mu tsaya a bakin lungu har yara su wuce. Ni Litinin da Alhamis. Mai Walda ya gama makarin kwalbati. Na tsaya na duba ƙarafan ɗaya-ɗaya. Ba a gane wacce ce wacce.

Asabar, 30 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ina yankan albasa da babbar wuƙa, Auta ta shigo kicin ta tsaya a bayana. Ta ce, “Umma, in taya ki?” Na ce ta ɗauki tire.

Muna aiki ba mai kallon wani, sai ta fara. Tun daga watan jiya ta faro. Muryarta ƙasa-ƙasa, kamar mai karanta darasin da ba ta so.

Abin da ta faɗa nata ne. Ba zai shiga littafin nan ba.

Sau uku tambayar ta hau kan harshena. Me ya sa ba ki, me ya kai ki, don me kika. Ta saba hanya, da kanta take zuwa. Na cije leɓe har na ji gishirin jini. Da ta kai ƙarshe ta tsaya, kafaɗunta a ɗage, irin na mai jiran duka.

Na ce, “Na ji. Ba laifinki ba ne.”

Ta ce, “Wuƙar fa?”

Na ce, “Wuƙa kuskure ce, da ya ƙwace ta fa? Amma ni na bar ki da ita.”

Albasa ce ta sa mu duka biyu hawaye. Haka za mu faɗa wa babansu.

A'a. Gobe zai dawo, kuma za a gaya masa gaskiya, in ta yarda, ina zaune kusa da ita.

Lahadi, 1 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na kulle ƙofa jiya. Sau ɗaya na duba.

Na tara su a tsakar gida kafin babansu ya iso. Na ce dokar shida da kwata ta mutu, a bi hanyar da mutane suke ko da za a kai bakwai. Na ce kada wanda ya ɗauka na yi laushi. Gidan nan gidan doka ne, kuma ga sabuwa. Na rubuta ta da manyan baƙaƙe na manna a ƙofar kicin.

Dogo ya karanta ya ce, “In ke kika karya fa, Umma?”

Na ce wankin tukwane na mako guda, kuma a kira Maman 'Yan Biyu ta zo ta kalla. Auta ta yi murmushi. Rabon da in ga haƙoranta tun farkon watan jiya.

Ga dokar, kuma ba a ɗaga hannu a kanta:

Duk wanda wani abu ya tsorata shi a waje, ya faɗa kafin ya cire takalmi. Wanda aka faɗa wa zai ajiye abin da ke hannunsa ya saurara har ƙarshe. Kuma a gidan nan, daga yau, ba mai cewa “me ya kai ka.”